Ƙarar da Baba Ya Gane

Shekarun baya, lokacin Baba yana raye amma hankalinsa ya fara barinmu, na sha wata wahala a kan mota wadda har yau ba ta fita daga raina ba. Abin da ya taso da maganar shi ne, kwanan nan wani bawan Allah ya tare ni a gidan mai a nan Kazaure, ya zagaya tsohuwar motar da nake hawa, ya yaba, sannan ya ba ni shawara kyauta: in kai a duba mini kan inji, yana jin tana ƙwas-ƙwas. Na yi masa godiya, na ja motata. Ban iya yi masa bayani a bakin famfo ba, amma ku bari in yi muku.

Motar ƙirar Jamus ce, mai ƙofa huɗu, gajera a ƙasa, injinta mai fulogi shida, irin waɗanda aka ƙera don gudu ba don ɗaukar buhun gero ba, ko da yake a hannunmu ta ɗauki geron har ta gode Allah. A gida Bajamushiya muke ce mata. Baba ya saye ta tun ba a haife ni ba, yana malamin gona, a hannun wasu Turawa da suka gama aikinsu a Kano za su koma ƙasarsu. Biyu ne iri ɗaya. Shi ya ɗauki fara, amininsa kuma, wani malamin dabbobi mutumin Gwiwa, ya ɗauki mai ruwan toka. Umma ta ce a zamanin ƙarfinsu in aiki ya haɗa su a Roni, tsere suke yi har Kazaure, magidanta da iyali, su sauko a ƙofar gida suna musun wanda ya riga wani.

Ta aminin Baba tana da aibi guda ɗaya. Akwai wani ɗan ƙwas-ƙwas a saman injinta, kamar ana buga cokali a bakin kofi a hankali. Babu bakaniken da bai sa hannu ba, abin ya ƙi fita. Muna yara, Baba yana zaune a zaure sai mu ga ya ɗaga kai ya ce a shimfiɗa tabarma a dama fura, mutumin Gwiwa ya shigo layi, alhali mu ko ƙarar mota ba mu ji ba tukuna. In ya sauko, gaisuwar farko ita ce Baba ya tambaye shi jikin mai tari, shi kuma ya amsa da cewa mai tarin ce dai ta bar lafiyayyar a baya. Haka suka yi ta yi har Allah ya yi wa aminin nasa rasuwa. Baba ya daɗe bai koma daidai ba.

Mantuwar ta zo masa a hankali. Ta fara da makulli da tabarau, muna dariya. Ta koma sunayen jikoki, muka rage dariya. Wata rana na shiga gaishe shi, ya amsa da ladabi, ya kira ni Malam, ya tambaye ni wa nake nema a gidan. Duk wanda bai taɓa durƙusawa gaban mahaifinsa an yi masa wannan tambayar ba, ina roƙa masa Allah kada ya gani.

Abu ɗaya ne bai manta ba. Kullum in ya dawo daga masallaci gari ya waye, zai ɗauki tsumma ya goge gilashin Bajamushiya a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya shiga ya tayar da ita, ya bar ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana sauraro har inji ya yi ɗumi. Tuƙi mun riga mun hana shi, ni ke fita da ita. Amma wannan zaman na safe nasa ne. In ya kashe ta yakan shigo da fara'a, ya sha kokonsa, wani lokaci har ya gane Umma ya tsokane ta. Ranar da bai yi zaman ba, abinci ma sai da lallashi.

Ni kuwa a lokacin, malamin makaranta ne da bai san komai a mota ba sai wurin zuba mai. In an buɗe mini bonet, nakan tsaya in riƙe ƙugu in ɗaure fuska, don kada bakanike ya raina ni. Wata rana cikin bazara ina dawowa daga Roni, robar lagireto ta fashe. Allurar da ke nuna zafi ta daɗe da mutuwa, saboda haka ban san abin da ake ciki ba sai da tururi ya rufe mini gilashi. Da igiya aka jawo mu gari.

Bakanikenmu dattijo ne, shi ke taɓa motar tun yana yaron gareji. Ya zare sandar auna baƙin mai ya nuna mini, man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya ce ruwa ya shiga, kan inji ya tsage. Aka kai Kano aka yi masa walda, bai riƙe ba. Sai ya faɗa mini abin da kowa yake yi wa irin waɗannan motoci in sun tsufa: a sauke injin gaba ɗaya, a dasa na Japan, wanda kayansa ke ko'ina har a kasuwar ƙauye. Ya ce zan huta, ga sauƙin mai, ga sauƙin gyara. Na kira yayana da ke aiki a Dutse, ya ce ai wannan ba abin shawara ba ne, a yi kawai. Dukkanmu abu ɗaya muke so, motar ta dawo ƙarƙashin bishiya da wuri.

Don kuwa tun ranar da aka ja ta gareji, Baba yakan fito da tsummansa kowace safiya, ya tarar da fili, ya tsaya yana kallon ɗigon baƙin mai a ƙasa, ya koma ciki. Koko sai dai ya huce a kwano. Rigunansa suka fara yi masa yawa.

Aikin ya ɗauki lokaci, don sai da aka yanka nan aka yi walda can kafin baƙon inji ya zauna. Amma ya zauna. Ranar da na karɓo ta, taɓa makulli ɗaya ta tashi, shiru kamar keken ɗinki. Na wanke ta, na ajiye ta a wurinta tun da yamma, na kwana ina jin kaina wani babban injiniya.

Da safe Baba ya fito, ya gan ta, fuskarsa ta washe. Ya goge gilashi a tsanake. Ya shiga, ya bar ƙafa ɗaya a ƙasa, ya murɗa makulli. Ina tsaye a bakin zaure ina jiran ya juyo ya yi murmushi. Ya karkata kai yana sauraro. Can sai ya kashe ta da sauri, ya fito, ya rufe ƙofa a hankali, ya zo ya miƙo mini makullin da hannu biyu.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "Na ɗauka tawa ce."

Daga ranar bai ƙara zuwa kusa da ita ba. Tsumman ma ya daina ɗauka. Ba a yi nisa ba ya daina fitowa zaure, sai kwanciya, fuska a bango. Likita ya duba ya ce babu wani sabon ciwo, a dai yi ƙoƙari ya riƙa cin abinci. Mu kuwa mun san inda ciwon yake.

Allah ya taimake mu da Umma. Tun farko bakanike ya ce a miƙa wa 'yan gwangwan tsohon injin su auna, ita ce ta ce ko kusa, a rufa masa buhu a ajiye. Saboda haka abin da ya rage shi ne a samo kan inji lafiyayye irin nasa. Bakanike ya ba ni tsohon gaskit, wato faifan nan mai ramuka shida da ke shiga tsakanin kai da gangar inji, ya ce duk kan da aka nuna mini in ɗora wannan a kai, in ramuka ba su hau ba kada in saurari rantsuwar kowa. Na sa shi a jakar da nake zuba takardun jarrabawa, na shiga duniya.

Na taka Ƙofar Ruwa a Kano rumfa rumfa. Matasan ba su ma taɓa ganin irin motar ba, dattawan kuma sai su karɓi gaskit ɗin su juya shi, su yi ajiyar zuciya, su ba ni labarin wani alhaji da ya taɓa hawan irinta. Labari na samu da yawa. Wani ya ce in gwada Babura ranar kasuwa, mutanen Nijar ba sa saurin yar da tsohon ƙarfe. Na je. Wani ɗan kasuwa daga can ya ɗauki hoton gaskit ɗin a waya, ya yi mini ciniki da sefa, ya ce zai tambaya har Damagaram. Mutumin kirki ne, ya kuwa cika alkawari, bayan kasuwa biyu ya sauko da kai a buhu daga saman wata bas. Na ɗora gaskit, ramuka biyu suka rage a iska. Na mai fulogi huɗu ne. Ya fi ni jin kunya, har da saya mini ruwan sanyi.

Na dawo gida ranar a gajiye, na tarar Umma tana fama da Baba a kan cokali biyu na kunu. Da ta fito ta tambaye ni ko na je Gwiwa. Na ce mata ai tasu an daɗe da yanka ta, kowa ya sani. Ta ce in je dai, ko ba komai na gaishe su.

Babban ɗan marigayin ya karɓe ni hannu biyu, amma da na kawo maganar mota sai ya sunkuyar da kai. Ya ce kafin rasuwar mahaifinsu giyarta ta lalace, ta daɗe a tsaye, da aka zo rabon gado babu mai sayenta ɗungurungum, sai aka sayar da ita gunduwa-gunduwa. Ya zagaya da ni na gani da idona. Kujerar baya, wadda muka sha zama a kai muna yara, tana teburin mai shayi a bakin tasha. Tayoyinta suna ƙarƙashin amalanken shanun wani manomi. Da na tambayi inji, sai ya yi ɗan murmushi ya ce wannan sai wurin ƙanwarsa. Ranar da za a ɗora shi a sikeli ta zo ta ce a sa mata shi cikin rabonta. Sun yi mata dariya, sun ce me mace za ta yi da inji, ta ce ba ruwansu.

Tana aure a wani ƙauye bayan gari, hanyar sai babur. Ta girme ni, tun muna yara Yaya nake ce mata, ita kuma Baffa take ce wa Baba. Maigidanta ya yi mini iso har tsakar gida. Nan na ga injin. Rabinsa ya nutse a ƙasa kusa da rumbu, an kifa masa guntun langa-langa, an cusa tsumma a duk wata kafa, an kuma zagaya masa igiya mai kauri. A ɗaya ƙarshen igiyar wani jibgegen sa ne fari yana tuƙa. Injin da ya yi tsere a hanyar Roni ya zama turke.

Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ban gama ba ta ce ba na sayarwa ba ne. Ta ce 'yan gwangwan sun zo ba sau ɗaya ba, har maigidanta ya gaji da ba su haƙuri. Gona da gida maza sun raba, ita abin da ta sani na mahaifinta shi ne ƙarar motar nan in ya dawo daga rangadin allurar shanu, tana jin ta za ta ruga ta buɗe masa ƙyaure. Kullum in ta zo ba sa dusa sai ta dafa ƙarfen. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na yi niyyar tashi, sai ta tambaye ni jikin Baffa, na ba ta labarin makullin da ya miƙo mini.

Ta ɗago ta dube ni.

"Har kai bai gane ba?"

"Har ni, Yaya."

Ta ja gefen mayafi ta goge ido. Ta ce in turo bakanike ya cire kan, amma da sharaɗi biyu. Kada a bar mata inji a buɗe, a kawo namu tsagaggen a rufa masa. In kuma motar ta tashi, a kawo ta ƙofar gidan nan ta ji da kunnenta. Na kawo maganar abin da za a ba ta, ta dube ni yadda yaya ke duban ƙanen da ya yi wauta, na bar maganar.

Bakanike ya hau babur muka koma tare, aka janye san gefe. Da ya buɗe murfi ya ga tsohon baƙin mai ya kare komai daga tsatsa, sai ya ce tsummokaran matar nan sun fi rumfar wasu 'yan kasuwa amana. Na ɗora gaskit, ramuka shida suka hau cif. Aka kai Kano aka goge fuskar kan, aka dawo. Dattijon ya yi ta mita yana aiki, wai tun da yake bai taɓa sauke lafiyayyen inji ya mayar da tsoho ba, abokan sana'arsa har leƙowa suke su ga mahaukacin da ya sa shi. Amma na lura bai bar kowa ya taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Da hantsi motar ta tashi, bayan ta yi tari ta yi hayaƙi. Tsohuwar muryar nan mai kauri ta dawo, har cikin ƙirjina na ji ta. Sai dai bakanike ya ɓata fuska, ya kafa dogon sukundireba a saman inji ya sa kunne, ya ce akwai ƙwas-ƙwas a kai, in bar masa ita ya bi ta. Wallahi a lokacin ban tuna komai ba. Abin da ke raina kawai shi ne na baro Baba ko ruwa da ƙyar yake karɓa. Na ce masa gyaran ya jira, na ja ta zuwa gida.

Abin da ya faru a ciki, Umma ce ta faɗa mini daga baya. Ta ce tana zaune a gefensa, ko ƙarar ba ta ji ba, sai ta ga mutumin da ya yi kwanaki fuska a bango ya ɗaga kai. Ya ce mata da muryarsa ta da, a shimfiɗa tabarma a dama fura, mutumin Gwiwa ya shigo layi.

Ina tsayawa ƙarƙashin darbejiya na gan shi a bakin zaure, ya dafa bango, hula a karkace, ga tabarma an shimfiɗa. Ban kashe motar ba. Na fito, ya dube ni, ya leƙa bayana, ya leƙa ɗaya ƙofar yana jiran a buɗe. Ba wanda ya fito. Sai ya tako a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya karkata kai. A lokacin ne ni ma na ji ta, cokali a bakin kofi.

"Wannan ƙarar tasa ce," ya ce.

"Eh, Baba. Kan injinsa ne. 'Yarsa ce ta ba mu."

Ya shafa bonet ɗin. Sannan ya ce, "Ya rasu, ko?"

"Ya rasu, Baba."

"Na je?"

"Ka je. Kana sahun gaba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, kalma ba ta kuɓuce masa ba. Da ya shafa, sai ya juyo ya kira ni da sunana, sunan da na fid da ran sake ji a bakinsa, ya ce kada in bari su gyara ta. Muka zauna a tabarma. Ya shanye furarsa, ya turo mini ta baƙon ya ce in sha kada ta lalace. Na sha ina kallon cikin kwano don kada ya ga idona.

Ba zan ce muku ya warke ba. Washegari ma Malam ya kira ni. Amma zaman safe ya dawo, koko ya dawo, ya ɗan murmure. Wasu ranakun in ta tashi yakan sake cewa a shimfiɗa tabarma, mu kuwa mu shimfiɗa, ya zauna ya jira har ya manta abin da yake jira. Da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, na cika alkawari, na ɗauke shi muka je ƙauyen. Yaya ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe shi, bai gane ta ba, ya sa mata albarka kamar yadda yake sa wa kowa. Ita ma ba ta nemi ya gane ta ba. Ta ce kawai kada in kashe tukuna, ta jingina da bango ta rufe ido. Baba bai ga wata kakar ba, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan amininsa.

Na yi tunanin abin nan da yawa tun daga lokacin. Mu duka, ni da yayana da bakanike, mun ɗauka gyara shi ne a kawar da duk abin da ke damun kunne, kuma da kyakkyawar niyya muka kusa raba tsoho da abu na ƙarshe da ya sani. Yanzu na iya canza fulogi da kaina, na san inda ake samun robar lagireto, allurar zafi ma na sa an tayar da ita. Injin Japan ɗin yana cikin motar wani yana ta aiki lafiya. Ƙwas-ƙwas ɗin kuwa na nan, kuma duk sabon bakaniken da ya ji sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ni kuma in ce masa an hana.

Duk shekara bayan an gama girbi nakan tafi Gwiwa. An sayar da shanu da yawa a kan turken nan, amma yana nan a gefen rumbu da tsagaggen kan motar Baba a samansa. In na isa ba na yin hon, ba na saurin yin sallama. Nakan tsaya a ƙofar gida in bar ta tana aiki, ƙafa ɗaya a ƙasa. Kafin in kai hannu ga makulli, sai in ga an miƙo tabarma daga zaure.